Kalmar "Na Amsa" da Ta Ɗaure Malam Hammadu Dabo

Daga:
Jibirin Muhammad Nur,
Akawu mai ritaya,
Kusa da Masallacin Maƙera,
Gwarzo, Jihar Kano.

Litinin, 14 ga Afrilu, 2025
(16 ga Shawwal, 1446)

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaba,
Kwamitin Duba Ɗaurarrun Ƙananan Laifuffuka,
Shiyyar Gwarzo da Kabo.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƊAURIN DA AKA YI WA MALAM HAMMADU DABO NA ƘAUYEN GIDAN DABO A KAN SARE RASSAN GAWO, DA ROƘON A FITO DA SHI YANA DA RAI

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya, ya sa shi da mambobin kwamitinsa sun yi salla lafiya, ina neman izinin gabatar da wannan ƙorafi a madadin Malama Uwaliya, matar Malam Hammadu Dabo. Dalilai biyu suka sa ta zo wurina. Na farko, ba ta karatun boko. Na biyu, ko da tana yi, ba za ta iya rubuta sunan da ke saman wannan takarda ba, domin ita 'yar gidan da mace ba ta ambatar sunan mijinta ce, kuma sama da shekara arba'in tana riƙe da wannan tarbiyya. Ina roƙon Shugaba ya riƙe wannan batu a zuciya, zan dawo kansa. Ni kuwa alaƙata da su ita ce gonata tana maƙwabtaka da tasu, kuma shanun Malam Hammadu ne ke yi mini huɗa kowace damina tun kafin in ajiye aiki.

1. Malam Hammadu dattijo ne da ya haura shekara saba'in. Kakanninsa makiyaya ne, amma mahaifinsa ya zauna ya kafa ƙauyen da ake kira Gidan Dabo, a kan iyakar ƙasar Gwarzo da ta Kabo. Abin da ya rage masa na gado shi ne gona, da bijimai biyu na huɗa, da 'yan tumaki. Kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa, na dama kuma sai an ɗaga murya. Mutum ne da idan babba yana magana ba ya kallon fuskarsa, kuma ko yaron maƙwabci ne ya kira shi daga bayan danga, sai ya ce na'am kafin ya san wane ne. Bai taɓa shiga ofishin 'yan sanda ba, ko raka wani. Na faɗi wannan ba don in wanke shi ba, sai don Shugaba ya san irin ƙasurgumin mai laifin da hukuma ta yi nasarar cafkewa.

2. Ranar Alhamis, 16 ga Janairu, 2025, da hantsi, Malam Hammadu ya ɗauki barandaminsa ya hau gawon da ke gefen gonarsa ta gabas, yana saro wa bijimansa ganye. Shugaba ya san halin gawo: lokacin da kowane itace ya kaɗe, shi a sannan yake fitar da ganye, kuma da shi mai dabba ke tsallake rani. Wannan gawo mahaifinsa ya tarar da shi a gonar, ya bar shi, kuma kowace shekara ana rage masa rassa yana sake tohowa. Ba a taɓa kai masa gatari a gindi ba. Gandun itatuwan hukuma yana nan kusa, gaskiya ne, amma sai an haye wani kwazazzabo ake shiga cikinsa, kuma duk mai ido zai ga turakun iyaka a can hayi. Wasu ma'aikatan daji guda biyu da suka biyo ta wurin a kan babur suka ce ya sauko. Ya sauko. Suka ce ya hau bayansu. Ya hau, da barandamin a hannu, har yana yi musu godiya da rage hanya, domin a zatonsa wurin dagaci za a kai shi a yi bayani. Ganyen da ya saro yana nan a gindin itacen har awakin mutane suka cinye.

3. Ba wurin dagaci aka kai shi ba. A ranar wata kotun tafi-da-gidanka tana zama a ƙarƙashin rumfa a bakin babbar hanya, tana yanke wa masu ƙananan laifuffuka hukunci nan take: mai kasa kaya a kan titi, mai zuba shara a kwata, mai tuƙi ba takardu. Ni ban halarci zaman ba, don haka abin da zan faɗa a nan na samo shi ne daga Malam Mahbub, mai facin taya, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda aka gurfanar gab da Malam Hammadu saboda injin iskarsa ya ɗan hau kafaɗar titi. Ya ce a shirye yake ya maimaita komai a gaban kwamiti da Alƙur'ani a hannu. A cewarsa, an jera mutane a layi kamar masu jiran allurar rigakafi, janareta na ruri a bayan rumfa, manyan motoci na wucewa, kuma ba wanda shari'arsa ta kai tsawon alwala.

4. Da aka zo kan Malam Hammadu, magatakarda ya kira sunansa, ya ce na'am. Aka karanto tuhuma da Turanci cikin sauri, sannan magatakardan, ba tare da ya ɗago kai ba, ya taƙaita ta da Hausa, cewa ana zarginsa da sarar itacen gwamnati. Wannan ɓangare ya faɗa ne a kan kunnen hagu. Da aka ga ya yi shiru, sai magatakarda ya ɗaga murya ya ce: "Baba, ka amsa ko ba ka amsa ba?" Wannan kam ya ji shi sarai. Dattijon ya ji nauyi ƙwarai, a tunaninsa an zarge shi da raina kiran manya. Ya durƙusa ya ce: "Na amsa, ranka ya daɗe. Ai tun kiran farko na amsa." Mutane suka yi dariya. Aka rubuta cewa wanda ake tuhuma ya amsa laifinsa da bakinsa. Aka yanke masa tara, ko zaman gidan gyaran hali na wata shida. Tarar ba ta kai kuɗin tunkiya ba, amma mutumin da ya fito saro ganye a bayan gidansa ba ya ɗaukar kuɗi a aljihu, ba shi da waya, kuma ba wanda ya tambaye shi ko yana da wanda za a aika wa. Kafin la'asar yana cikin motar gidan gyaran hali, shi da Malam Mahbub da wasu.

5. Ranka ya daɗe, ni ba lauya ba ne, akawun sashen ayyuka ne ni har na gama. Amma na nemi Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta jiharmu na sa an karanta mini, na kuma karanta da kaina. Abin da na fahimta shi ne ba a ɗaukar amsa laifi daga mutum sai an bayyana masa tuhumar cikin harshen da yake ji, kuma kotu ta gamsu ya gane abin da ake zarginsa da shi, ya kuma yi nufin amincewa da shi. A Hausa mutum yana amsa kira, yana amsa sallama, yana amsa gaisuwa, yana kuma amsa laifi. Kalmar ɗaya ce. Waɗanda suka zauna a rumfar nan duk Hausawa ne, sun san haka, dariyar da aka yi ma ita ce shaida. Jimlarsa ta biyu, wadda ta ce tun kiran farko ya amsa, ta isa ta nuna wa kowa abin da yake nufi. Sai dai da alama takardar kotu tana da gurbin kalma biyu ne kawai, kuma bayansa akwai sauran layi. Da an sake tambayarsa sau ɗaya ta ɓangaren kunnen dama, da ya ce itacen nasa ne, da an aika wani ya duba turakun iyaka, da yanzu yana gida yana gyaran garma.

6. Da magariba ta yi bai dawo ba, Malama Uwaliya ta je gindin gawo ta tarar da takalmansa a inda ya cire su zai hau. Washegari wata mai tallan nono ta ce ta ga an wuce da shi a babur. Uwaliya ta shiga neman sa. Ta je ofishin 'yan sanda, aka tambaye ta wa take nema. Ta ce mai gidanta. Aka ce sunansa. Ta ce baban su Raliya, wato autarsu. Aka sake cewa sunansa ake tambaya. Ta sunkuyar da kai. Wanda ke kan kanta ya ce mata, cikin raha, idan ta tuna sunan mijin nata ta dawo. Daga nan ta zo gidana, ta zauna a zaure ta ƙi shiga, ta ce in taimaka in rubuta mata shi a takarda ta riƙa nunawa. Na rubuta, na kuma bi ta. Mun zaga asibiti, mun zaga ofisoshi a Gwarzo da Kabo, har ɗakin ajiye gawa mun leƙa. Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, muka isa gidan gyaran halin da daga baya ya tabbata yana ciki. Wani gandiroba ya karɓi takardar ya shiga, muna jin muryarsa daga waje yana kwaɗa kiran sunan. Ya fito ya ce ba wanda ya amsa, watakila an mayar da shi wani wuri. Muka yi masa godiya muka tafi. A lokacin tsakaninmu da Malam Hammadu katanga ɗaya ce.

7. Ba mu san dalili ba sai da Malam Mahbub ya fito. Ya ce a daren farko dattijon ya yi ta tambayar mutanen ɗaki me ya yi, har wani ya zaunar da shi ya yi masa bayani a kunnen dama, cewa da ya ce ya amsa, to laifi ya amsa. Tun daga ranar bai sake amsa sunansa ba. Wannan bai dami kowa ba, domin safe da yamma kai ake ƙirgawa, kai kuwa cikakke ne. Amma mai rabon magani da suna yake kira, kuma Malam Hammadu ya kamu da tari tun makon farko saboda kwana a kan siminti. Mahbub ya sha rubuta masa suna a jerin marasa lafiya, idan aka kira sai ya zauna kamar ba shi ba.

8. Ranar Alhamis, 20 ga Maris, wadda ta yi daidai da 20 ga watan azumi, wani bawan Allah mai hali ya zo tare da jami'an shari'a ya biya wa masu ƙananan laifuffuka tararsu don neman lada, Allah ya karɓa masa. Aka tara su a fili, ana kiran suna, wanda ya amsa ya fito ya karɓi takardar sallama da kuɗin mota a ɗauke shi hoto. Sunan Malam Hammadu yana cikin waɗanda aka zo da su. An kira shi sau uku. Mahbub, wanda ke zaune kusa da shi, ya zungure shi ya ce, Baba, kai ake kira, gida za ka tafi. Dattijon ya damƙe masa hannu ya ce masa ƙasa-ƙasa, wancan karon ma da ladabi aka kira shi, kuma amsawa ce ta kawo shi nan, yanzu bai san inda wata amsar za ta kai shi ba. Mahbub ya miƙe ya ce ga shi nan, shi ne wannan. Aka ce masa ba a amsa wa wani, domin an sha samun masu fita da sunan da ba nasu ba, idan kuma bai zauna ba shi ma za a tsallake shi. Ya zauna, yana da 'ya'ya huɗu, ban ga laifinsa ba. Lokacin shan ruwa ya matso, baƙi suna sauri, aka ba wa wani gurbin. Ban ce jami'in ya yi kuskure da ya nemi mai suna ya amsa da kansa ba, ƙa'ida ce mai kyau. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ranar ɗaure shi ba a yi wannan taka-tsantsan ba, sai ranar sakinsa.

9. A ranar aka sallami Mahbub. Kwana biyu bayan fitowarsa ya rufe shagonsa ya nemi Gidan Dabo da tambaya ya ba Uwaliya labari. Ta sayar da tunkiya, muka ɗauki tarar muka tafi biya. A nan muka koyi abin da ba mu sani ba, cewa kotun da ta yanke tara ita ke karɓar ta, wannan kotu kuwa, kamar yadda sunanta ya nuna, ta tafi da gidanta. Na je wurin da rumfar take a da, na tarar da mai rake. A Gwarzo aka ce mana tun da gawon yana ɓangaren gabas, takardun suna Kabo. A Kabo aka ce tun da rumfar ta zauna a ɓangaren yamma, takardun suna Gwarzo. A duka wuraren biyu an karɓe mu da mutunci, an ba mu benci, an ce mu dawo bayan salla. Mun koma bayan salla, aka yi mana barka da salla. Na yi shekara talatin da ɗoriya a ofis, na san yadda ake sallamar mutum cikin ladabi ba tare da an yi masa komai ba, kuma dole in yaba, aikin bai lalace ba bayan tafiyarmu. Kuɗin suna nan ɗaure a gefen zanen Uwaliya har yau.

10. Ranar Litinin, 7 ga Afrilu, muka koma gidan gyaran halin tare da Mahbub. Ya siffanta dattijon ga wani gandiroba da ya sani, ya roƙe shi kada ya kira suna, ya je ya riƙo shi kawai. Aka fito mana da shi. Ranka ya daɗe, na san wannan mutum tun gashinsa na baƙi, amma sai da na dubi hularsa na tabbatar shi ne. Ƙafafunsa sun kumbura har ba sa shiga silifa, wuyansa ya zama kamar na ɗan tsako, idan ya yi tari sai ya dafa bango. Na yi masa sallama, bai amsa ba. Na ce, Malam Hammadu, ni ne Jibirin, ina wuni, yaya ƙarfin jiki. Ya dube ni, na ga ya gane ni, ya kawar da kai. Mutumin da idan muka haɗu a kan iyakar gona sai mun gaisa har rana ta take, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Uwaliya ba ta gaishe shi ba, ba ta kira shi ba. Ta durƙusa nesa kaɗan ta kwance ƙwarya ta tura masa fura, ta ce, ga shi, mun zo. Ya ce, kun zo. Ya sha kaɗan. Sannan ya tambaye ta wa ke saro wa bijimai ganye. Ta ce masa suna nan lafiya. Ba su nan lafiya, ɗaya ya kwanta tun tsakiyar azumi, domin yanzu duk ƙauyen ba mai yarda ya hau gawo, ko na tsakar gidansa. Ban gyara mata magana ba.

11. Bisa lissafi, wa'adinsa zai cika a tsakiyar Yuli. Mai kula da lafiya na gidan, wanda na yi wa alƙawarin ba zan ambaci sunansa ba, ya ja ni gefe ya ce idan muna da wani babba da muka sani, mu je wurinsa yanzu, kada mu jira damina. Ba mu da wani babba, shi ya sa na rubuto. Kuma ko da Allah ya ja kwanansa zuwa Yuli, ranar sallama ma da suna ake kira.

Ban rubuto don a hukunta kowa ba. Ma'aikatan daji sun ga mutum a kan itace, magatakarda ya ji kalma ya rubuta, gandiroba ya kira suna bai ji amsa ba, kowa ya yi aikinsa, kuma idan aka bincika za a tarar da takardun kowa daidai. Ban kuma ce a daina kama masu ƙananan laifuffuka ba, ni ma ba na son shara a ƙofar gidana. Na dai lura cewa mai babban laifi ana ba shi lauya, a ɗage zama, a kira shaidu, a yi shekara ana tantance kowace kalma da ya furta. Mai ƙaramin laifi kuwa, saboda abin nasa ba shi da yawa, ba a ɓata masa lokaci.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, ina roƙon Shugaba:

(a) ya sa a kai Malam Hammadu Dabo asibiti cikin gaggawa, tun kafin a gano inda takardunsa suke;

(b) ya sa a nuna mana mutum ɗaya, a Gwarzo ko a Kabo ko a Kano, mai ikon karɓar tarar nan ya ba da rasit, za mu same shi duk inda yake;

(c) ya miƙa batun ga alƙalin da ya dace don a sake duba wannan amsa da aka rubuta, a aika a auna tsakanin gawon da turakun gandu, idan itacen nasa ne a goge masa sunan mai laifi, domin yana da jikoki, kuma ƙauye ba ya mantuwa;

(d) ya ba da shawara ga masu zaman irin waɗannan kotuna su daina tambayar mutane ko sun amsa, su tambaye su ko sun aikata;

(e) na ƙarshe, kuma shi ne wanda na fi roƙo a kiyaye: ranar da za a fito da shi, don girman Allah kada a tsaya a bakin ƙofa a kira sunansa. Ba zai fito ba, ko alƙali ne ya kira, ko ni. A ba Malama Uwaliya izini ta shiga har inda yake zaune. A duk duniya ita kaɗai ce ba ta taɓa kiran sa da suna ba, kuma yanzu ita kaɗai ce idan ta ce tashi mu tafi, zai tashi.

Ina roƙon afuwa idan na tsawaita, ko wata kalma ta fita daga ladabi, tsufa ne da abin da ido ya gani. Allah ya ja zamanin Shugaba, ya ba shi ikon yin adalci da wuri.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Jibirin Muhammad Nur

Dangwalen yatsan Malama Uwaliya, Gidan Dabo. An karanta mata wannan takarda daga farko har ƙarshe, a hankali, aka tambaye ta ko abin da ke ciki shi ne abin da ya faru. Ta ce shi ne.